Inda Yayata Ta Ajiye Raba-gardama

Da sunan Allah, mai rahama, mai jin ƙai.

Mai girma shugaban wannan zama, wanda ya nuna mini agogonsa tun ban tashi daga kujera ba. Mai girma shugabar ƙungiyarmu ta masu rubuta manhaja, da 'yan kwamitinta da suka yi ta kai da kawo har aka cika ɗakin nan. Shugabannin makarantu da mataimakansu. Malamai mata da maza da suka baro alli da allo suka zo. Abokan sana'a, waɗanda suka yi furfura a gaban kwamfuta da waɗanda yanzu suka fara. Mai kula da lasifika, wanda in ya ga dama ba mai jin muryata. Yayyena da ƙannena baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga ƙungiya da ta ba ni wannan dama, ko da yake na san ba don na fi kowa sani aka zaɓe ni ba, an dai rasa wanda zai yarda ya yi magana bayan cin abincin rana ne. Ina kuma godiya ga mai wannan zaure da ya ara mana shi har da kujerunsa.

An ce in yi magana a kan ƙananan manhajojin da mutum kan rubuta don kansa ya buɗe wa jama'a, da kuma yadda zai zaɓi ma'ajiyar da zai sa su a intanet, inda kowa zai iya karanta rubutun cikinsu, ya kwafa, ya gyara. Na zo da takarda mai shafi tara a kan haka, na karanta ta a mota, ni kaina barci ya fara ɗibata. Saboda haka na ninke ta na sa a aljihu. Zan ba ku labarin mutum ɗaya ne, kuma duk abin da na sani game da zaɓen ma'ajiya a wurinta na koya. Ga ta nan zaune a layin gaba, ta ɗaure fuska don ta hana ni ambatonta. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ne autanmu, kuma duk furfurar nan da kuke gani har gobe Auta take kirana.

Shekara talatin da ɗaya Yaya ta yi tana koyar da lissafi, goma sha biyu daga ciki ita ce mataimakiyar shugaban makaranta. Malaman da ke nan sun san abin da wannan kujera ke nufi: ita ce mai tsara jadawalin darussa. Duk farkon zango sai ta shimfiɗa faffaɗan kwali a kan teburin ofis, ta ja layuka da rula, ta zauna da fensir da magogi har mako biyu. Ta gyara Litinin, Laraba ta rushe. Ta ɗora Laraba, sai ta tarar ta tura malamin Turanci aji biyu a lokaci guda. In ta kafe jadawalin a bangon ofishin malamai, sai a yi mata cincirindo, wannan ya ce an danne shi, waccan ta ce an fifita wata. Kwalin kan huje wajen gogewa kafin a daidaita.

Tana da shekara hamsin da ɗaya na kai mata tsohuwar kwamfutata don ta riƙa buga wasiƙu. Bayan wata uku ta kira ni ta ce, "Auta, abin nan da kake yi wa kwamfuta magana ta bi, wuya gare shi?" Na ce, "Yaya, sai an yi karatu." Ta ce, "Ni da na koya maka ƙirga ɗaya zuwa goma? Kawo mini littattafan." Na kai mata da niyyar ta gaji ta bari. Ba ta bari ba. Shekara biyu tana fama, tana kirana a tsakiyar aikina tana tambayata abin da ni ma sai na duba, har ta fito da manhajar da ke tsara jadawalin makaranta kafin ruwan shayi ya tafasa. Ita ba ta sa mata suna ba. Malamai ne suka raɗa mata Raba-gardama, domin in ta fitar da jadawali ba wanda za ka riƙe wa wuyan riga.

Ina so ku ji abin da ke cikin wannan manhaja, ku abokan sana'a, domin nan ne nake sara wa Yaya. Manhajar ta san kada malami ya shiga aji biyu lokaci guda, wannan ko ni zan iya. Amma ta san kada a ba mai shayarwa darasin farko na safe. Ta san kada a hau da dattijo mai ciwon gwiwa bene sau uku a yini. Ta san kada a jera wa yara lissafi bayan sun dawo daga filin wasa suna haki. Babu littafin da ya koyar da wannan, shekara talatin da ɗaya a ofishin malamai ne suka koyar.

Daga makarantarta ta bazu, wannan ya kawo filashi ya kwafa, ya ba wancan, wancan ya ba surukinsa, har makarantu arba'in da uku suka dogara da ita. Kowa kuma in ya ga matsala gidan Yaya yake nufa, ta buɗe kwamfuta ta gyara masa nasa.

Sai bara likitan ido ya zaunar da mu, ni da ita, ya ce jijiyar ganinta tana raguwa, kuma magani zai rage gudun abin ne kawai, ba zai tsayar da shi ba. Ya ce za ta ƙara shekara guda tana karanta allon kwamfuta, in Allah ya sa. Muka fito, muka shiga mota, ban iya tayar da motar ba. Ni ina tunanin idon yayata, ashe ita tunaninta daban. Ta ce, "Auta, asalin Raba-gardama a kwamfuta ɗaya yake, kuma a kai ɗaya. In idon nan ya tafi, makarantu arba'in da uku za su koma kwali." Wannan shi ne abin da ke gabanmu: shekara guda, a samo wa manhajar mazauni, a samo mata masu riƙo.

Abu na farko da na koya, ma'ajiya iri uku ce ke gaban duk mai irin wannan aiki, kuma kowace da mutanenta. Akwai babbar ma'ajiya wadda kowa ke ciki, kamar tsakiyar kasuwa: kayan aiki birjik, masu wucewa ba iyaka, in aikinka ya burge mutum sai ya manna maka tauraro. Akwai ƙaramar ma'ajiya wadda wata ƙungiyar 'yan sa-kai ke riƙe da ita, ba cunkoso, ba ƙyale-ƙyale. Akwai kuma ka kafa taka na'urar a ɗakinka, kai ne mai gida kai ne mai gadi. Ni babbar na zaɓar mata ba tare da dogon tunani ba, na ce duniya za ta gani, taurari za su zubo. Ta ce, "Tauraro nawa ne ke hana malami shiga aji biyu?" Na koma na ce to mu kafa tamu. Ta ce, "In ta kwanta wa zai tashe ta? Kai da sai an kira ka sau huɗu kake ɗaga waya?" Jama'a, nan na ajiye wannan shawara.

Kada wani ya fita ya ce na zagi babbar ma'ajiya. Yawancin ayyukana a can suke, kuma wanda yake neman abokan aiki daga ko'ina, ko yake son masu ɗaukar ma'aikata su ga hannunsa, can ya dace da shi. Abin da nake cewa shi ne, ni na tambayi wace ma'ajiya ce ta fi, ita kuwa ta tambayi su wa za su shigo.

Abu na biyu, tambayoyin da ta yi. Ta sa ni gaba kamar mai duba gidan haya, kuma ba ta tambayi fenti ba. Ta ce, "In na tashi barin wurin, za su bar ni in kwashe kayana duka, har da maganganun da aka yi a kai?" Na ce za su bari. Ta ce, "Kwashe mu gani." Sai da na zuba, na kwashe, na mayar a gabanta. Ta ce, "Shafin yana buɗewa a ƙaramar waya, a makarantar da sai an tsaya bakin taga ake samun intanet?" Ta ƙi yarda da bakina, ta aika wa wata malama da ke irin wannan makaranta ta gwada. Sannan ta ce, "Da wane harshe zai yi wa mutanena magana?" A nan ƙaramar ma'ajiyar ta yi nasara, domin an fassara shafukanta zuwa harshenmu, kuma ina cikin waɗanda suka fassara, abin da na daɗe ina tinƙaho da shi. Ku riƙe wannan, za mu zo kansa.

Da na yi mata bayanin lasisi, wato takardar da ke faɗa wa mutane abin da aka yarje musu su yi da manhajar, ta saurara har ƙarshe ta ce, "Wato in ban rubuta na yarda ba, mai kunya ba zai taɓa ba, mara kunya kuwa da ma ba ya tambaya." Ta zaɓi wanda ya ce kowa ya ɗauka, kowa ya gyara, amma wanda ya gyara ya raba wa mutane ya bar gyaransa a buɗe. Muka ɗora Raba-gardama, ta rubuta bayanin yadda ake amfani da ita da hannunta, da haruffa manya-manya har layi biyar ke cika allon.

Abu na uku shi ne kuskurena, kuma saboda shi na yarda na hau nan. Wata huɗu suka wuce. Mutum sama da ɗari biyu suka sauke manhajar, amma shafin da aka tanada don a faɗi matsala wayam, ko layi ɗaya babu. Na ce wa Yaya ai aikinki ne ba aibi. Ta ce, "Kada ka raina mini hankali, ni na rubuta ta, na san inda take ɗingishi." Kuma mutane ba su daina zuwa gida ba. Idon yana raguwa, watanni suna tafiya, ba mu sami ko mutum ɗaya da zai karɓi riƙo ba. Ba zan ɓoye muku ba, a lokacin nan na tsorata.

Ran nan ina falonta da hantsi sai ga wani shugaban makaranta, tsohon ɗalibinta, mutum mai girma da tumbi. Ya gaishe ta, ya tambayi jiki, ya tambayi yara, ya tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, ya sha ruwa, ya yi sallama. Sai da ya sa takalmi ɗaya a bakin ƙofa sannan ya juyo ya ce, "Af, Malama, na ce ba, ba wani abu ba ne, kamar dai in makaranta tana da ɗakin gwaje-gwaje biyu, tana cusa kowa a ɗaya. Amma wataƙila mu ne ba mu iya ba."

Yaya ta ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Bai fi zango uku ba."

Ta ce, "Zango uku. Me ya hana ka rubuta a shafin?"

Mutumin nan ya cire takalmin da ya sa, ya dawo ya rusuna ya ce, "Haba Malama. Ni in shigar da ƙorafinki a bainar jama'a, da sunana a jiki? Ke fa kika koya mini lissafi. Allah ya kiyaye."

Bayan ya tafi ta juyo wajena. Ƙananan haruffan shafin sun riga sun fi ƙarfin idonta, ba ta taɓa karanta maɓallin ba. Ta ce, "Auta, me aka rubuta a wurin da ake latsawa?"

Na ce, "Shigar da ƙorafi."

Ta ce, "Wane mara kan gado ne ya rubuta haka?"

Na ce, "Ni ne, Yaya."

Ku yi dariyarku, na cancanta. Na buɗe ƙamus, na ɗauko kalmar da ta yi daidai da ta Turanci, na manna, na tafi ina jin ni gwani ne. Kalmar daidai take a ƙamus, amma ba daidai take a bakin mutanenmu ba. Wa zai kai ƙarar malamarsa? Wa zai tsaya gaban duniya ya ce aikin dattijuwar da ta ba shi kyauta yana da aibi? Mutum ɗari biyu suka ga maɓallin nan, kowa ya janye yatsansa saboda tarbiyyar da aka yi masa a gida. Na gina musu ƙofa, na rubuta rashin kunya a samanta.

Yaya ba ta yi mini faɗa da yawa ba, abin da ya fi faɗan zafi ke nan. Ta ce, "Shekara talatin ina kuskure a allo. Ka taɓa jin yaro ya ɗaga hannu ya ce Malama kin yi kuskure? Cewa yake, Malama, ina tuni. Sai in juya in duba, in gode masa, in goge. Ba wanda ya ji kunya, ni ko shi. Je ka rubuta musu tuni."

A nan zaɓenta ya yi rana. Da a wurin da ban san kowa ba ne, ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa don a sauya kalma ɗaya ba. A ƙaramar ma'ajiyar kuwa na rubuta wa abokan fassara, na faɗi laifina, kafin kwana biyu maɓallin ya koma "Yi tuni". Yaya ta sa na aika wa makarantun saƙo layi ɗaya: Malama ta ce duk mai tuni ya yi.

Cikin mako biyu tuni ashirin da bakwai suka shigo. Kowanne ya fara da gaisuwa, wani gaisuwar ta fi tunin tsawo, amma suka shigo. Ina karanta mata tana gyaɗa kai, wani ta ce gaskiyarsa, wani ta ce wannan bai karanta bayani ba. Na goma sha tara daga wata malamar kimiyya ya zo, a wata makaranta mai nisa, wadda Yaya ba ta taɓa gani ba. Ta gai da Yaya, ta nemi afuwa sau biyu, sannan ta ce matsalar ɗakin gwaje-gwajen nan ta ɗan taɓa ta a kwafinta, ga abin da ta yi ko zai yi amfani. Layi goma sha huɗu. Shekara biyu ke nan da ta rubuta su ta zauna a kansu, don tana jin nauyin ta gyara wa babba aiki. Na karanta wa Yaya layi-layi. Ta ce in sake. Na sake. Sannan ta ce, "Wannan ta fi ni tsabtar hannu. Nemo mini lambarta."

Watannin da suka rage wa idon, a kan wannan malama da wasu mutum huɗu da suka biyo bayanta Yaya ta ƙarar da su. Ta bi da su manhajar lungu-lungu ta waya, tana faɗa musu abin da kowane sashe ke yi, da kuma dalilin da ya sa aka yi shi, wane malami ne ya yi kuka a ofis har aka ƙara wannan sharaɗi. Ta sa suka rubuta dalilan a ma'ajiyar. Daga nan ta ce a ba malamar kimiyya ikon karɓar gyara da fitar da sabon zubi. Su biyar ɗin suka roƙe ta a bar mata kalmar ƙarshe, ko don girmamawa. Ta ce, "In sai an jira ni, ba a yi komai ba ke nan. Ku cire sunana daga masu izini." Ni na cire shi da hannuna, kuma na daɗe ban yi aikin da ya yi mini nauyi kamar wannan latsawa guda ba.

Saboda haka, ku masu tasowa, kafin ku tambayi ina ne ya fi suna, ku tambayi su wa kuke so su shigo. Ku gwada ƙofar fita tun kuna da lafiyar fita. Ku rubuta izininku a fili don mai kunya ya samu ya taɓa. Ku karanta kowace kalma da ke kan shafinku da kunnen wanda zai latsa ta. Kuma kada ku raina ƙaramin aikin da kuka yi don maganin matsalar ofishinku, domin ba ku san mutum nawa ke fama da irin kwalinku ba.

Wata uku ke nan Yaya ba ta buɗe kwamfuta ba, allon ya zama mata farin haske kawai. Ranar da aka koma makaranta a wannan zango na biya ta gidanta da la'asar. Na same ta a falo, wayarta a kan cinya. Jikarta ta gaya mini tun safe take riƙe da ita, domin shekara da shekaru a irin wannan rana wayar ba ta hutawa. Na zauna, muka gaisa. Ta ce, "Auta, jadawalin ya fito?"

Na ce, "Ya fito, Yaya. Makarantu hamsin da ɗaya."

Ta ce, "Ba inda ya tsaya?"

Na ce, "Ya tsaya a wuri biyu, sun gyara kafin azahar."

Ta ce, "Kuma ba wanda ya neme ni."

Na ce, "Ba wanda ya neme ki."

Ta juya wayar a hannunta, ta miƙa wa jikarta ta ce a kai ɗaki. Na ga hawaye a idon nan da ba ya ganina sosai, na rasa ko in yi mata barka ko in ba ta haƙuri. Ita ta raba mini gardamar da kanta. Ta ce, "Da zafi, Auta. Amma abin da na roƙa ke nan."

Yaya, kin hana ni yabonki a gaban mutane, kuma yau na saɓa miki. Ina alfahari da ke, ban kuma taɓa faɗa miki ba sai yanzu.

Allah ya saka miki da alheri, ya sanya haske a zuciyarki fiye da wanda ya ragu a idonki. Allah ya ƙarfafi hannun malamar kimiyya da abokan riƙonta. Allah ya albarkaci wannan ƙungiya da shugabanninta, ya sa ayyukanmu su amfani mutane muna nan da bayan ba ma nan. Allah ya ba malamanmu haƙuri da lada, ya shirya mana yaran da suke koyarwa. Waɗanda suka zo daga nesa da na kusa, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya tarar da iyalinsa lafiya.

Shugaba, na ga agogon. Na gode.